Ku Tambaya Mu Amsa: Wake, Gishiri da Gyaɗa a Bakin Masu Ingilishi

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan abu guda, wato maganganun Ingilishi da ake sako abinci a ciki alhali ba zancen ci ake ba. A nan Maraɗi yawancinmu da Faransanci muka fara boko, Ingilishi kuwa ta ƙofa uku yake shigo mana: aji, kasuwar Katsina da Kano ta hanyar Ɗan Isa, sai kuma waya. Ga amsoshin da malamanmu na harshe suka bayar.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na lise, daga unguwar Zariya. A jarrabawar gwaji an ba mu "she spilled the beans", na fassara da cewa ta zubar da wake, mushe, wato malaminmu, ya soke. Daga baya na gani a intanet wai daga zaɓen Girkawan dā maganar ta fito. Haka ne?

Amsa: Ɗanmu, mushe ya yi daidai. Ma'anar ita ce ta tona asiri, ko ta yi suɓul da baka ta faɗi abin da ake ɓoyewa. Mu ma da abinci muke faɗar wannan, sai dai namu ƙwai ne: ta fasa ƙwai. Da ka rubuta haka da ka cinye makinka cif. Dubi yadda hoton yake kusa. Tiyar wake in ta kife a tsakar kasuwa, ƙwai in ya faɗi ƙasa, duka biyun ba su komawa yadda suke.

Batun Girka kuwa, rabinsa gaskiya ne. Mutanen Atina sun yi amfani da wake, fari da baƙi, wajen jefa ƙuri'ar fid da masu riƙe muƙamai. Amma ita wannan magana a Amurka ta ɓullo, a farkon shekarun 1900, sama da shekara 2000 bayan wancan zamani, kuma babu wani rubutu a tsakani da ya haɗa su. Da fari ma ba tona asiri take nufi ba, ɓata shiri take nufi, kamar a ce wani ya kwance wa jama'a abin da suka ƙulla. Sannu a hankali ta karkata zuwa ga mai ɓata shirin da bakinsa. Wannan ita ce hanyar gwada duk wani labarin asali da ka tsinta a waya: ka tambayi shekarar da aka fara ganin maganar a rubuce, da ƙasar da aka gan ta. In labarin ya girmi maganar da ɗaruruwan shekaru, to daga baya aka liƙa mata shi.

Wajen aiki da ita, kurakurai uku ne ɗalibai suka fi yi. Suna cire harafin jam'i su ce "bean", suna sauya "the" da "some", ko su sa "pour" a madadin "spill". Kowanne daga ciki ka yi, ka koma zancen wake na gaske. Aikatau kaɗai ake juyawa gwargwadon lokaci: "spilled" a rubutun Amurka, "spilt" ko "spilled" a na Ingila. Kada kuma ka haɗa ta da "spill the tea" da matasa ke rubutawa a TikTok da Facebook. Wannan sabuwa ce, gulma take nufi, ba ta shiga takardar jarrabawa.

Tambaya: Ina sayar da atamfa da shadda a babbar kasuwa. Na aika wa abokin cinikina na Legas labarin da na ji cewa kaya za su tashi, ya mayar mini da "take it with a pinch of salt". Yarona ya ce wai gishiri yake so a aika masa. Ni dai ban yarda ba.

Amsa: Alhaji, hankalinka ya ba ka gaskiya. Cewa yake kada ka haɗiye labarin ɗungurungum, ka saurara amma ka rage wani abu, ka bincika kafin ka zuba kuɗi. Shawara ce ta mutunci, ba ƙaryata ka ya yi ba.

A nan akwai wurin da Bahaushe ke zamewa, domin gishirin magana a wurinmu aikin mai ba da labari ne. In muka ce wane ya ƙara gishiri, to ya zuzuta, ya yi ƙari. A Ingilishi mai sauraro ne ke sa gishirin, don abin da aka miƙo masa ya haɗiyu ba tare da ya cuce shi ba. Saboda haka in aka ce maka ka ɗauki zance da ɗan gishiri, fassarar da ta fi dacewa ita ce: akwai alamar an riga an ƙara wa zancen nan gishiri, yi hattara.

Asalin da masana suka fi jingina maganar da shi yana cikin littafin wani malamin Rumawa, Filini Babba, wanda ya kammala wajen shekara ta 77 Miladiyya. Ya kawo labarin wani sarki, Mitridatis, mai tsananin tsoron a sa masa guba. Da janar ɗin Rumawa Fompi ya ci shi da yaƙi, sai aka tarar da haɗin makari a cikin takardunsa. Haɗin shi ne busassun ƙwayoyi 2 na wani ɗan itace mai taurin ɓawo da Faransawa ke kira "noix", da ɓaure 2, da ganye 20 na wani tsiro mai ɗaci, a daka su tare, a ƙara ƙwayar gishiri guda, a sha kafin a karya kumallo. Aka ce wanda ya sha, guba ba ta kama shi a ranar. Mun kawo haɗin don tarihi ne kawai, ba magani ba ne. Daga wannan ƙwayar gishiri ta ƙarshe aka samo hoton: zance mai shakka kamar guba ne, gishirin kuwa shi ne hankalin da ka sa kafin ka karɓa.

Siga biyu ce. Amurkawa na cewa "a grain of salt", ƙwaya guda, wadda ta fi kusa da Latinancin asali. Mutanen Ingila da Nijeriya sun fi cewa "a pinch of salt", abin da yatsa biyu ke tsinkowa. Duka daidai ne.

Tunda muna kan gishiri, za ka ci karo da "worth his salt", wato mutumin da ya cancanci abin da ake biyansa, gwani a sana'arsa. Kalmar albashi ta Ingilishi, "salary", da ta Faransanci, "salaire", duka daga Latinanci "salarium" suke, ita kuma tana da dangantaka da "sal", gishiri. Abin da ake yawan faɗa cewa da buhun gishiri ake biyan sojojin Rum, wannan ƙari ne na marubutan baya, tsofaffin littattafan Rumawa ba su faɗi haka ba. Amma darajar gishiri ba sai an yi wa mutumin Katsinar Maraɗi dogon bayani ba. Kakanninmu sun ga ayarin raƙuma na sauko da kantu daga Bilma da Fashi, ana musanya shi da gero, kuma har gobe makiyayi ya san abin da rashin gishiri ke yi wa garke.

Tambaya: Ina koyar da Ingilishi a wani kwaleji a Tasawa. Na tarar da "bring home the bacon" a cikin wani nassi. Yaya zan koya wa yara Musulmi maganar da ke ɗauke da naman alade?

Amsa: Malama, ki koya musu ita, domin za su ji ta a rediyo su gan ta a jarida, kuma sanin ma'anar kalma daban, cin abin daban. Ki fara da gaya musu gaskiya: "bacon" naman alade ne da aka jiƙa da gishiri, wani lokaci a ƙyafe shi. A gidan talakan Ingila na dā shi ne naman da ake ajiyewa ya kai iyali ƙarshen hunturu, shi ya sa ya zama alamar abin da ke riƙe da gida. Ma'anar maganar biyu ce: ciyar da iyali, ko ciyo nasara a kawo gida. Ta farkon ita ce abin da muke cewa shi ke fita nema, shi ke kawo cefane.

An san lokacin da ta bazu. Ranar 3 ga Satumba 1906, a garin Goldfield na jihar Nebada, baƙar fatan Amurka Jo Gans ya kare kambinsa na damben duniya a karawa da Battling Nelson. Kafin wasan mahaifiyarsa ta aika masa da telegiram ta ce idon duniya na kansa, ta rufe da wannan magana. An yi turmi 42 kafin a ba Gans nasara saboda abokin karawarsa ya yi bugun da doka ta hana. Jaridu suka ɗauki kalaman uwar suka yaɗa, marubutan wasanni suka riƙe.

Za ki kuma ga ana danganta ta da wata tsohuwar al'ada ta garin Dunmow a Ingila, inda ake ba da ɓarin naman ga ma'auratan da suka rantse sun yi shekara guda da kwana guda ba su yi nadamar aurensu ba. Al'adar gaskiya ce, rubuce-rubucen ƙarni na 14 sun ambace ta, amma maganar kanta ba ta bayyana ba sai ƙarni na 20, a wata nahiya.

A aji ki raba abin gida biyu: abin da yaro zai gane, da abin da zai furta. Wannan ta shiga kashin farko. Don furtawa ki ba su "breadwinner", mai ciyar da gida, da "earn a living", neman abin kai, da "put food on the table", wadda ta yi daidai da sa tukunya a wuta. Haka ba wanda zai ji nauyin bakinsa, kuma ba abin da ya ɓace musu.

Tambaya: Ɗana yana aiki a Abuja, ya rubuto wa ƙanensa cewa "they pay us peanuts". Da aka fassara mini na yi mamaki. Ni da gyaɗa na yi aure na gina gida a Madarunfa. Yaushe gyaɗa ta zama abin raini?

Amsa: Baba, mamakinka a kan hanya yake. Gyaɗa ce ta ɗaga Maraɗi tun zamanin Turawa, ita ce kan gaba a abin da Nijar ke fitarwa waje a shekarun farko na mulkin kai, har gwamnati ta kafa kamfanin SONARA a 1962 don cinikinta, kafin farin shekarun 1970 ya karya nomanta. A Kano kuma a lokacin dalar gyaɗa ce alamar arziki. Wanda ya ga wannan zamani ba zai ji daɗin a kira ta abin banza ba.

Sai dai maganar daga wata kasuwa ta fito. A Amurka gyaɗa abin taunawa ce mafi araha, ana sayar da ita a ƙunshi a gidajen wasa da filayen ƙwallo. Kujerun can sama masu arha a gidan wasan kwaikwayo har suna aka yi musu da ita tun ƙarni na 19. Daga shekarun 1930 kalmar ta zama sunan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Su ƙwaya suke kallo, kai buhu kake kallo. Abin da ɗanka ke nufi shi ne albashin bai fi cikin cokali ba. Faransawa ma haka suke cewa da "des cacahuètes".

Ga masu koyo, a lura da wannan: a Nijeriya amfanin gonar "groundnut" ake kiransa, amma a cikin wannan magana ba a sauya kalmar. In ka ce "they pay us groundnuts", mai sauraro zai ɗauka da buhun gyaɗa ake biyanku.

Tambaya: Ina da gidan burodi a Sabon Gari. Nawa ne "baker's dozen"? Wani ya ce 12, wani ya ce 13.

Amsa: Maigida, 13 ne. Dozin 12, na mai burodi 13, kuma dalilin zai yi maka ma'ana fiye da kowa. A ƙarni na 13, zamanin Sarki Henri na Uku, Ingila ta yi dokar da ta ɗaure nauyin burodi da farashin alkama. Wanda aka kama da burodi mara cikar awo ana cin sa tara, in ya maimaita a ɗaure shi a bainar jama'a. Kai ka san matsalar: ƙullin da ka auna daidai yana rage nauyi a cikin tanda saboda ruwan da ke fita, ya ƙara ragewa in ya kwana, kuma tandar itace ba ta gasa na gaba da na baya daidai wa daida. Tunda mai burodi ba ya iya rantsuwa a kan nauyin kowane guda, sai ya ɗora ɗaya a kan kowane 12 don jimillar ta haye awo. Akwai bayani na biyu da ke tafiya tare da wannan: masu sara su kai talla ana ba su 13 a kuɗin 12, na ƙarshen shi ne ribarsu.

Da Hausa gyara ce. Bambancin kawai, gyararmu ta alheri ce da riƙe mai saye, tasu tsoron hukuma ne ya haife ta. In za ka rubuta odar kaya da Ingilishi, ka sa lamba, 12 ko 13, kada ka dogara da karin magana.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Ƙulodo. Maganganun da ke da "cake" suna rikita ni, sun yi yawa. Sannan wata rana na ce "too many cooks" ina nufin a taru a taimaka, aka yi mini dariya.

Amsa: Ƴarmu, bari mu fara da dariyar, don kuskuren mai tushe ne. Kin ɗauko "hannu da yawa maganin ƙazamar miya" kin nemo mata ƴar'uwa, sai kika faɗa kan kishiyarta. "Too many cooks spoil the broth" cewa take masu girki in sun yi yawa romo ɓaci yake: wannan ta sa gishiri, waccan ta zo ba ta ɗanɗana ba ta ƙara. Ana faɗarta in aiki ya lalace saboda kowa na ba da umarni. Ingilishi na da wadda ta yi daidai da tamu, "many hands make light work". Tukunya guda, miya guda, amma kowace al'umma da abin da ta hango a ciki. Wannan ya sa ba a haɗa karin magana biyu don kayan da ke cikinsu sun yi kama. Ana haɗa su ne in lokacin da ake faɗarsu ya zo ɗaya.

Yanzu gato, wanda maƙwabtanmu ke kira kek. "A piece of cake" abu ne mai sauƙi, kamar shan ruwa. Ta yi ƙarfi a bakin matuƙan jiragen yaƙin Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, suna kiran aikin da ba wuya da ita. Kin san ta a Faransanci, "c'est du gâteau". Kada ki sa "a" kafin "cake" a ƙarshe, kuma kada ki faɗa wa wanda ya faɗi jarrabawar da ke kika ci, zai ji kamar gori.

"Takes the cake" daban ce. Tushenta gasar rawa ce ta baƙaƙen Amurka a ƙarni na 19, inda gato ne kyautar wanda ya yi fice. Yau an fi faɗarta a kan abin da ya wuce misali wajen muni ko ban haushi, kamar mu ce wannan kam ya fi na kowa. Mutanen Ingila sukan sa "biscuit" a wurin.

"You can't have your cake and eat it" ita ce ta fi rikita mutane, saboda "have" a nan ajiyewa take nufi, ba ci ba. Tsohuwar sigar, wadda ke rubuce tun ƙarni na 16, ci take farawa da shi: ba ka cinye gatonka kuma ya kasance yana nan. Faransawa da man shanu da kuɗin man shanu suke faɗarta. Mu kuma mun ce taura biyu ba ta taunuwa.

"Selling like hot cakes" ba ta da wuya: kaya na tafiya, ana rububi, kamar ƙosai a bakin kasko da sassafe.

Tambaya: Mijina ya rubuto mini daga tafiya cewa ni ce "the apple of my eye". Tuffa kuma a ido?

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankali, yabo ne babba. Ingilishin dā, tun wajen ƙarni na 9, yana kiran baƙin tsakiyar ido da tuffa, don an ɗauka wani dunƙulallen abu ne mai kama da ita. Fassarar Baibul ta Ingilishi ta 1611 ta ƙara kafa maganar a bakin mutane. Ƙwayar idona yake cewa, abin da mutum ya fi karewa a jikinsa. Faransanci na da irinta, "la prunelle de mes yeux". In za ki mayar masa da Hausa, sanyin idona ta wadatar.

Tambaya: A taƙaice don Allah, mene ne "not my cup of tea" da "big cheese"? Daga mai shayi a tashar mota.

Amsa: Ɗan'uwa, ta farkon na nufin abin bai kwanta mini ba, ba irin nawa ba ne. Hanya ce mai laushi ta ƙin abu ba tare da kushe shi ba, ta mutanen Ingila, waɗanda shayi ya shiga ƙasarsu a ƙarni na 17 ya zama abin shan kowane gida. Ana faɗarta a kan wasa, kiɗa ko sana'a. Ba a faɗarta a kan abincin da aka ajiye maka a gidan mutane.

Ta biyun babban mutum ce, mai faɗa a ji a ma'aikata ko a gari. A zahiri babban cuku take cewa, amma masana da yawa na ganin ba daga cuku ta fito ba. Turawan da suka zauna Indiya sun ɗauko kalmar "chiz" ta Farisanci da Urdu, mai nufin abu, suna cewa wannan shi ne abin, wato na gaske. Da ta isa kunnen waɗanda ba su san Indiya ba sai suka ji ta kamar "cheese", Amurkawa kuma suka ƙara mata "big" a farkon ƙarni na 20. Akwai ɗan ba'a a cikinta, don haka a bayan ido ake faɗarta. In babban ya tsaya a teburinka, "sir" za ka ce masa.